Koyon Zanen Teku da Fentin Mai: Kwaikwayon Igiyar Ruwan Courbet

Igiyar teku ba ta jiran mai zane. Tana tasowa, ta lanƙwashe, ta fashe, kafin ka ɗebo fenti ta zama kumfa. Shi ya sa mai koyo ke cin riba idan ya fara da aikin wani gwani da ya riga ya tsayar da ruwan a kan yadi, ya warware inda duhu yake da inda haske yake. Ga wanda ke zaune nesa da gaɓar teku, wannan hanya ta fi kallon bidiyo amfani nesa ba kusa ba. Kuma zane ne da babu siffar mutum ko dabba a cikinsa, abin da zai kwantar wa mai kaffa-kaffa da zanen abu mai rai hankali.

Aikin da za mu bi shi ne na Gustave Courbet, Bafaranshen da aka haifa a 1819 a Ornans, wani gari na cikin tuddai mai nisa da teku, ya rasu a Suwizalan a 1877. A 1869 ya yi zaman bazara a Étretat da ke gaɓar Normandi, daga nan ya fito da jerin zane-zane na igiyar ruwa ɗaya tal tana fashewa ƙarƙashin hadari. Akwai su a Frankfurt da Berlin da Lyon da Tokyo. Wanda aka fi sani shi ne na gidan tarihi na Orsay a Paris, mai suna La Mer orageuse, wanda aka baje a bikin nunin zane na Paris a 1870. Tsayinsa santimita 117, faɗinsa kimanin 160. Sama ce cike da gajimare mai nauyi, igiya kore mai duhu a tsakiya, sai gaɓa da kwale-kwale biyu da aka janyo kan tudu.

Mun fifita shi a kan irin su Igiya ta Tara ta 1850, ta mai zanen teku ɗan Rasha Aivazovsky, saboda dalili ɗaya: hannun Courbet a bayyane yake. Ana ganin inda wuƙar da yake shafa fenti da ita ta bi da inda ta tsaya. Aikin Aivazovsky kuwa shimfiɗa ce siririya a kan siririya, hoto ba ya nuna maka yadda aka yi ta, sai mai koyo ya ƙare da zanen faɗuwar rana irin na kalanda.

Kayan aiki

Nemo hoton aikin mai girma a intanet, Wikimedia Commons na da shi. Buga kwafi biyu a takardar A4 ko A3, ɗaya mai launi, ɗaya baƙi da fari. Na baƙi da farin ya fi muhimmanci. Allon waya haske yake fitarwa daga baya, don haka duhun da ke cikinsa yana ƙyalli irin wanda fenti ba zai taɓa yi ba. Injin buga takarda kuma yakan sauya launi. Sai ka raba musu aiki: takarda don awo da ƙarfin duhu, waya don duba launi, bayan ka kashe tsarin da ke sauya haskenta da kansa.

Fenti shida sun isa. A jikin bututun akwai lambar sinadarin launi, ita ce abin dubawa: fari PW6 na titaniyam, shuɗi PB29, kore PG18, rawayar ƙasa PY43 ko PY42, sai ruwan ƙasa iri biyu da galibi ke ɗauke da PBr7, mai duhu da aka rubuta wa Burnt Umber da mai ja-ja da aka rubuta wa Burnt Sienna. Bututu mai mililita 37 ya wadatar a kowane launi, ban da fari, shi ka sayi mai 200. A fenti mai araha sau da yawa za ka tarar koren PG7 ne. Yana aiki, amma ƙarfinsa ya ninka na PG18 sosai, ɗigo ɗaya zai rine tulin fari, don haka ɗebo kwatan abin da za mu ambata. Baƙin fenti ba dole ba ne. Shuɗi da Burnt Umber daidai wa daida suna ba da baƙi mai rai wanda ya fi saurin bushewa.

Buroshi mai taurin gashi, mai faɗin baki, lamba 4 da 8 da 12, da ƙarami ɗaya mai tsini don kwale-kwale. Wuƙar fenti biyu masu lanƙwasasshen wuya, ɗaya mai baki kamar santimita 5, ɗaya kamar 3. Man linsid tatacce, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, tafentain ko tina marar wari ta masu zane don tsinka fenti da wanke buroshi, tsummokaran auduga, alli, rula, da gilashi ko farantin tayil don haɗa launi. Kada man gyaɗa ko man ja ya shiga fenti, ba sa bushewa har abada. Kananzir ma yana barin maiƙo da ke hana fenti kama jikinsa. Fentin ƙofa na gwangwani wani abu ne dabam, malala yake yi, ba ya riƙe sawun wuƙa.

Don aikin wuƙa, katako ya fi yadi, domin yadi yana lotsawa a ƙarƙashin hannu. Yanko filawud mai kaurin milimita 6, santimita 30 da 40. Shafa masa jeso, wato farin shafe da masu zane ke sa wa allo kafin fenti, sau uku, kowace shafa ta bushe kamar awa biyu, ka goge sama-sama da samfefa mai laushi a tsakani, ka kuma shafa ɗaya a bayansa don kada ya bankare. Masu amfani da fentin bango a madadin jeso suna ganin sakamakon bayan kwana biyu: ya tsotse man, launi ya mutu ya koma kamar gari.

Duhu ne farko

Courbet yakan fara a kan shimfiɗa mai duhu, ruwan ƙasa mai ja-ja, ya riƙa ɗora haske a kai har ya kai ga fari. Wannan tsari shi ne ainihin abin da za ka kwaikwaya. Wanda ya fara a kan farin allo zai yi ta fama, domin duk launin da ya ɗora sai ya ga ya yi masa duhu, ya yi ta ƙara fari har teku ta koma ruwan wanki.

Haɗa Burnt Umber kashi biyu da Burnt Sienna kashi ɗaya, ka tsinka da tafentain har ya yi ruwa-ruwa. Shafe allon duka da babban buroshi, sannan ka murje da tsumma har ya zama siriri, babu sheƙi, duhunsa ya ɗan wuce tsaka-tsaki. Ba shi kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ka goga yatsa bai ɗauko launi ba, ya yi.

Sai awo. Faɗin asalin in aka mayar da shi 40, tsayinsa zai zama 29 da ɗoriya, don haka ja layi ka zubar da kimanin milimita 8 a ƙasan allonka. Raba takardar hoton gida biyu a tsaye da a kwance, ka sake raba kowane rabi, ka sami gida 16. Yi haka a allon da alli. Abin da za ka kwafa bai wuce layi shida ba: inda sama ta haɗu da ruwa, ƙundun igiyar wato ƙololuwarta, bakin da ke zubowa, iyakar kumfa, layin gaɓa, da wurin zaman kwale-kwalen. Layin haɗuwar sama da ruwa da rula ake jansa, a auno shi daga saman allo ta hagu da ta dama. Karkacewar milimita 3 ta isa ta sa mai kallo ya ji teku na tsiyaya gefe guda.

Akwai lissafin da ke hana wahalar banza. Asalin ya ninka naka sau huɗu a faɗi, sau 16 a fili. Jan wuƙa mai santimita 8 a wurinsa, santimita 2 ne a wurinka, ƙananan kuwa sun ɓace ke nan. Kada ka zuƙo hoton a waya kana bin kowane ɗigo. Ka kuma tuna aikin ya haura shekara 150: tsattsagewar fenti da rawayar tsohon banish, wato shafen kariya mai sheƙi da ake yi wa zane bayan ya bushe, ba na Courbet ba ne, na tsufa ne. Fentin mai kuma yana ƙara zama garai-garai da tsufa, sai duhun ƙasa ya riƙa bayyana. Ya halatta naka ya ɗan fi hoton haske.

Zama na farko: manyan fasali

Kafin ka taɓa allo, haɗa tuli biyar daga duhu zuwa haske a kan gilashi, da wuƙa, ba da buroshi ba. Tushensu toka ce ta shuɗi da Burnt Sienna daidai wa daida, ana ƙara mata fari mataki-mataki. Ɗora ɗigon kowanne a gefen takarda ka kara da hoton baƙi da fari, ka runtse ido rabi. Za ka ga abin da ke ba masu koyo mamaki: yawancin zanen yana cikin matakai uku na duhu, fari tas kuwa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na filin ba.

Da buroshi lamba 12 da fenti mai ɗan tafentain, cike sama da toka, teku mai nisa da haɗin kore kashi biyu, Burnt Umber ɗaya, shuɗi ɗaya, gaɓa kuma da Burnt Umber da ɗan rawayar ƙasa. Wurin kumfa ka sa masa toka ta tsakiya. Babu fari tukuna. Kada ka rufe ko'ina ruf, bar ruwan ƙasan nan yana leƙowa nan da can, shi ne zai ɗinke sama da ruwa su zama na rana ɗaya. Awa ɗaya da rabi ta isa wannan zama. Ɗauki hotonsa da waya, mayar da shi baƙi da fari, ka jera da na asali. In fasalin bai yi kama a nan ba, kumfa ba za ta cece shi ba. Gyara yanzu, sannan ka bar shi kwana biyu zuwa uku.

Zama na biyu: sama da jikin igiya

Daga nan fenti kai tsaye daga bututu, ko da ɗigon haɗin man linsid kashi ɗaya da tafentain kashi biyu. Ƙa'idar ita ce kowace shimfiɗa ta fi ta ƙasanta mai. Idan aka juya, ta sama ta bushe ta ƙage alhali ta ƙasa na motsi, sai ta tsage bayan watanni.

Gajimaren Courbet nauyi gare shi, kusan nauyin ruwan da ke ƙasansa. Cikinsa toka ce mai karkata zuwa shunayya, wato ka ɗan rinjayar da Burnt Sienna a haɗin. Samansa fari kashi huɗu, toka ɗaya, da ƙyas na rawayar ƙasa. Ɗora duhun da buroshi, ka ja hasken da faɗin wuƙa a kansa. Can kusa da ruwa gajimare yana ƙanƙancewa, yana miƙewa a kwance, yana matsewa. Wannan ne ke ba da nisa. Idan girmansu ɗaya daga sama har ƙasa, sama za ta tsaya kamar bango. Layin haɗuwa da ruwa kuma ka bi shi sau ɗaya da busasshen buroshi mai tsabta, ya rage kaifi amma kada ya ɓace.

Igiyar ita ce gundarin aikin, a nan za ka daɗe. Ɗauke ta a matsayin abu mai jiki: tana da baya, tana da ƙundu, tana da ciki mai rami, tana da baki mai zubowa, tana kuma jefa inuwa a gabanta. Kowane sashe da launinsa, da kuma inda hannu ke fuskanta.

Gindin cikin, inda ruwa ya fi kauri, shi ne mafi duhu a duk zanen: kore biyu, Burnt Umber biyu, shuɗi ɗaya, babu fari ko kaɗan. Kana hawa sama ruwan yana sirancewa, haske yana ratsa shi, sai launin ya koma kore mai ɗumi. Rawayar ƙasa ce ke yin wannan aiki, fari sai dai ƙyas. Nan ne kuskuren da ya fi yawa: a haskaka kore da fari zalla, sai ya fito kamar fentin ajin firamare, mai sanyi, marar zurfi. Gwada kore ɗaya, rawayar ƙasa ɗaya, fari rabi. Ka taƙaita wannan haske ga siririn wuri ƙarƙashin ƙundu, in ya bazu ko'ina ya daina aiki.

Jan hannu ya bi tafiyar ruwan. A cikin ramin, ja daga gindi zuwa sama a lanƙwashe. A bakin da ke zubowa, ja daga ƙundu zuwa ƙasa da gaba. A ruwan da ke kwance gaban igiya, ja a kwance, dogo-dogo, da launin sama a ciki, domin shimfiɗaɗɗen ruwa sama yake haskowa, ruwan da ya miƙe tsaye kuwa launin kansa yake nunawa. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe rabin zanen teku. Ƙundun kuma kada ya tafi santal. Duba asalin ka ga inda ya ɗaga, inda ya karye, inda kumfa ta cinye shi gaba ɗaya.

In launi ya dagule ya zama taɓo, dalilin ɗaya ne cikin biyu: ko ka yi ta komawa wuri ɗaya da buroshi, ko buroshin sama ya shiga ruwa ba a goge ba. Kankare da wuƙa har ƙasa ka sake. Ɗora sabo a kan taɓo asarar fenti ce. In kuma fentin ya yi yawa har sabo ba ya kamawa, shimfiɗa takardar jarida a kai, danna da tafin hannu a hankali, ka ɗaga. Za ta kwashe rarar ta bar zanen.

Zama na uku: kumfa

Jira kwana uku zuwa biyar, har saman ya daina kama yatsa. Marubuci Guy de Maupassant, wanda ya ga Courbet yana aiki a Étretat, ya ba da labarin yadda yake manna farin fenti a yadi da wuƙar kicin, yana zuwa taga lokaci-lokaci yana duba hadarin. Masu suka a zamaninsa ma sun yi ta cewa aikinsa na magina ne. Akwai gaskiya a ciki: riƙon wuƙar irin na birkila ne da cokalinsa, a ɗebo, a shafa sau ɗaya, a ɗaga.

Kumfa launi uku ce. Ta inuwa: fari uku, toka mai shuɗi ɗaya, ƙyas na kore. Ta tsakiya: fari shida, toka ɗaya. Ta haske: fari da ɗan rawayar ƙasa wanda bai wuce kan tsinke ba. Courbet da farin dalma ya yi aiki, mai ɗumi ne, yana kuma bari a ɗan hango na ƙasa. Farin titaniyam ya fi shi sanyi da rufewa, shi ya sa ake ɗumama shi, in ba haka ba kumfar za ta fito kamar alli. Farin zinki, PW4, ka guje shi a shimfiɗa mai kauri, yana tsagewa da tsufa.

Fara da ta inuwa, ka rufe kusan duk filin kumfar da ita. Ta tsakiya ta hau kan rabinsa, ta ɓangaren da ke kallon sama. Ta haske kuwa ja goma zuwa sha biyar ne a duk allon, ba ƙari. Baje fentin a gilashi, ka yanko siririn nadi mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a gefen wuƙa. Kwantar da wuƙar kusan a shafe da allon, ka ja ba tare da dannawa ba. Fentin zai kama tudu-tudun shimfiɗar ƙasa ya tsallake ramukan, duhu ya riƙa leƙowa ta tsakani. Wannan karyayyen ja shi ne kumfar Courbet. In ka danna, sai ka sami farin faci sumul. Goge wuƙa da tsumma bayan kowane ja. In fentin ya cika mai yana zamewa, matsa shi a kan kwali na minti 20, kwalin zai sha rarar.

Kumfa mai kama da auduga tana fitowa ne daga dangwala buroshi a zagaye da fari ɗaya. Maganinta inuwa a ƙasan kowane curi da gefuna iri-iri: wani mai kaifi inda fari ya gamu da duhun ciki, wani a narke inda feshi ya shiga sama. Feshin da busasshen buroshi ake yinsa, da fenti kaɗan, a tura sama. Zaren kumfar da ke kan cikin igiya kuma ya bi lanƙwasar ramin, kuma da launin inuwa ake jansa, tunda a inuwa yake.

Gaɓa da kwale-kwale ba sa son dogon aiki. Gaɓar tsakuwa ce, 'yan ja na wuƙa da ruwan ƙasa da toka sun wadatar. Kwale-kwalen fasali ne mai duhu da layin haske ɗaya a baki, da inuwa a ƙasa don su zauna. In ka ƙawata su, ido zai bar igiyar ya koma kansu. Kafin ka ajiye, juya allon da hoton duka a kife, ko ka dube su a madubi daga nisan mita biyu. Karkacewar da ido ya saba da ita a nan take tona kanta.

Bushewa da abin da ke biyo baya

Burnt Umber yana bushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sauran launukan sun fi haka, fari mai kauri yakan kai mako biyu. Fentin mai iska yake sha ya ƙage, don haka in aka shanya shi a rana, fatar sama na iya riga na ciki yin tauri ta yamutse. Duk inda kauri ya wuce milimita 2 zuwa 3, yamutsewar na nan tafe ko a inuwa. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba: jingina allon fuskarsa na kallon bango, samansa kaɗai ya taɓa, a ɗakin da iska ke shiga. Kada ka kulle shi a akwati ko ƙarƙashin gado, man linsid yana yin rawaya a duhu, ko da yake 'yan kwanaki a ɗaki mai haske suna dawo da farin.

Za ka iya ganin wuraren duhu, musamman masu Burnt Umber, sun dushe bayan bushewa. Ba lalacewa ba ce, man ne ya nutse. Ɗiga linsid kaɗan a tsumma, shafa a wurin, ka goge har sai kamar ba ka sa ba.

Yi aiki taga a buɗe. Tsumman da ya sha man linsid yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka ko ka baza shi a waje ya bushe, ko ka jefa a gwangwani mai ruwa da murfi. Fentin da ya bushe a fata yana hana ruwan alwala isa, kuma tina ba abin wanke hannu ba ce. A nan man gyaɗa ke da amfani: murza shi a hannu, sannan sabulu. Buroshi ma a goge, a kurkure a tina, a wanke da sabulun wanki har kumfarsa ta fito fara.

Banish sai bayan wata shida, in kumfar ta yi kauri a kai shekara. A bayan allon rubuta sunanka, da kwanan wata, da cewa kwaikwayon aikin Gustave Courbet ne na 1870. Sa hannunsa da ke kusurwar asalin ba ya cikin abin da ake kwafa.